Watandar Yumɓu a Bakin Tagar Rukayya

Litinin, 5 ga Yuni, bayan la'asar

Yau ma yaran nan sun zo. Su takwas, sun jeru a bakin ƙofa da jakunkunansu, ba su shigo ba, ba su tafi ba. Ƙanwata Yelwa ta fita da tsintsiya a hannu ta ce su watse, Anti ba ta da lafiya. Suka matsa gindin falwaya suka ci gaba da tsayuwa.

'Yan ajin autata Rukayya ne. Da safe tana koya musu a makarantar Madam Clara da ke bayan kasuwar Dutse, da yamma su biyo ta tsakar gidan nan ta ƙara musu. A nan take zaune, tunda mijinta Tawfiq yana Fatakwal wurin aiki. Haka ake yi har sai da tashi daga tabarma ya fara yi mata wuya.

An yi arba'in. Yelwa, da ta taso tun daga Funtuwa don wankan jego saboda uwar Rukayya ba ta da rai, ta kashe wutar ruwan zafi ta kife tukunya. Amma yarinyar nan ba ta fito ba. Kafin gari ya waye take zagawa bayan gida, ta koma ta juya fuska ga bango.

Shekaranjiya Madam Clara ta zo, da Hausarta ta koyo. Ta ce, "Baba, ni ma mace ne, na san abin. Zan riƙe mata ajin har Litinin na farko a watan Yuli. In bai zo ba, dole in ɗauki wani, iyaye suna damuna." Ban ga laifinta ba.

Ni Sale birkila ban yi boko ba ko na wuni ɗaya. Wannan ma da ajamin da na tsinta a gaban malamin ƙauyenmu nake rubutawa. Amma na san abin da yarinyar nan ta sha kafin a kira ta malama, a kan idona aka yi. Ba za ta bar ajin nan tana kwance ba. Za ta fito.

Ragon suna yana nan ɗaure gindin mangwaro. Na ba shi dusa.

Talata, 6 ga Yuni, bayan la'asar

Na buɗe musu ƙofa. Yelwa ta ce, "Yaya, me za ka yi da su?" Na ce karatu. Ta dube ni tun daga hula har silifa, ta koma kicin tana dariya. Ita ce dariyar farko da aka yi a gidan nan tun ranar.

Na sa aka shimfiɗa tabarma daidai ƙarƙashin tagar Rukayya. Da gangan na yi.

Akwai wata Kauthar, 'yar mai shagon provishin, bakinta ya fi jikinta. Ta buɗe littafi ta ce nan malamin riƙo ya kai su, kuma ba wanda ya gane. Na leƙa. Lamba ce a kan lamba da sanda a tsakani, kamar bene mai hawa ɗaya. Wai firakshin. Haruffan boko ban san su ba, amma lamba na sani, da ita na ci abinci.

Ta ce, "Baba, ɗaya bisa huɗu da ɗaya bisa takwas, wanne ya fi girma?"

Na ce takwas mana.

"Anti ta ce ba haka ba ne."

"To yaya ne?"

"Na manta. Amma dai ba haka ba ne."

Na ce ni da na ƙirga bulon rabin gidajen Garki tun ubanta bai san hanyar Abuja ba, ita za ta gaya mini huɗu ta fi takwas? In ta tuna ta zo ta same ni. Ta tura baki. Na tambaye su da me Anti take koya musu irin wannan, suka ce lemo take yankawa, wani lokaci takarda.

Na ɗaga murya sosai duk zaman. Labulen bai motsa ba.

Laraba, 7 ga Yuni

Na ce wa yaran babu karatu ranar Laraba.

Alhamis, 8 ga Yuni, da azahar

Lemo in ka yanka shi ya yanku ke nan, sai a ci. Ina son abin da za a yanka a sake haɗawa a sake yankawa. Na hau mota zuwa Ushafa wurin Baƙo.

Da Baƙo muka yi leburanci lokacin da duk inda ake kira Abuja yau ciyawa ce ta fi mutum tsawo. Na nuna masa inda aka zuba sabbin gidaje a gefen hanya, na ce nan fa gonar doyar kawunka ce. Ya ce shi ma ya manta, ni ne ba na mantuwa. Gaskiyarsa. A unguwarmu in ana gardamar shekarar da aka kawo wuta, ko ranar da aka haifi ɗan wane, ƙofata ake bugawa.

Matarsa Ladi mai ginin tukwane ce. Tana ganina ta ce, "Baba Sale, yaya Rukayya da..." Baƙo ya taka mata ƙafa. Ta tashi ta ɗauko buhu ta shiga cika shi da yumɓu, tana cikawa tana dannawa, har na ce ya isa ba ta ji ba. Ta nuna mini yadda ake murza curi ya yi tsawo kamar rodi. Ta ce, "Haka ya fi daɗin yanka. Ka sa zare, kar ka sa wuƙa. In ya bushe ka yayyafa ruwa."

Kwandasta ya yi ta mita wai na ɓata masa mota. Na ce ya yi haƙuri, kayan makaranta ne. Duk motar aka yi dariya. Su yi.

Asabar, 10 ga Yuni, bayan la'asar

Raina a ɓace yake.

Na murza curi ɗaya na kira yara huɗu, na yanka huɗu. Babban yankin na ba Abdulbasit don shi ne babbansu, na biye na ba Kauthar, haka har kan Indo 'yar mitsitsiya da ko haƙoran gaba ba ta da su, ta samu na ƙarshe. Na ce to ga ɗaya bisa huɗu nan a hannun kowa.

Kauthar ta miƙe tsaye. "Baba, an yi son kai. Anti ta ce dole su zo daidai, in ba su zo daidai ba ba firakshin ba ne."

Na ce a gidan wa aka taɓa ba yaya da ƙani nama daidai? Haka aka yi mana, haka muka yi wa namu, babba ya ɗauki babba, ƙarami ya jira shekararsa. Wannan ita ce tarbiyya. Abdulbasit ya ce, "Gaskiya ne, Baba," yana ɓoye nasa a bayansa. Sauran suka taso masa. Indo ta dubi ɗan abin da ke tafinta ta ce, "Ni kullum haka ake mini." Ba ta yi kuka ba, faɗa kawai ta yi.

Na sallame su da wuri.

Na ji tari daga cikin ɗaki, sau ɗaya. Ban san ko na mura ba ne.

Lahadi, 11 ga Yuni, bayan azahar

Babban ya zo. Ba na kiran sunansa da baki, ɗan fari ne, amma takarda ba baki ba ce: Umar Farouk. Ma'aikatar tarayya yake aiki, yana zaune Lugbe, wayoyi biyu a hannu, wannan na yin shiru waccan ta ɗauka.

Ya shiga ya gaida Rukayya, ya fito idonsa ja. Yana son ƙanwarsa, wannan ban musa ba. Ya ce sun yi magana da Tawfiq, Gwaggo Yelwa za ta koma Funtuwa ƙarshen wata, a haɗa su tare ta canja iska. Aikin kuma a bar shi, in ta warware ya nema mata wani.

Na ce in aka ɗauke ta a kwance aka kai ta Funtuwa, bangon Funtuwa za ta juya wa fuska. An canja bango kawai.

"Baba, likita ya ce abin yana ɗaukar lokaci."

"Ban ce likita ya yi ƙarya ba. Likita ya ce a raba ta da yaranta?"

Ya dubi tabon yumɓu a siminti ya ce, "Wannan wasan ƙasan ne zai tashe ta?" Na ce shi ne nake da shi. Ya ce to ko ragon nan a fitar da shi, kullum tana jin kukansa. Na ce ba ni na ce a saye shi ba, ita ta zaɓe shi da kanta a kasuwar Dei-Dei, ranar da ta ce a kwance shi za a kwance shi.

Ya ce ina da taurin kai. Na ce a ina yake zaton ya samo nasa.

Talata, 13 ga Yuni, da hantsi

Maganar Indo ta hana ni sakat. Ina ba ragon harawa sai na tuna watanda.

A sansanin leburori na Garki, in Sallah ta zo ba mu je gida ba, sai mu haɗa hannu mu sayi sa. A fede, a kasa naman kashi-kashi a kan ganyen ayaba. Sai a sa mutum ɗaya ya juya baya ya rufe ido. Mai rabo ya nuna kashi da sanda ya ce, "Wannan na wa?" Wancan ya kira suna, bai ga abin da aka nuna ba. Shi ya sa mai rabo yake daidaita kowane kashi har tsokar ƙarshe, don bai san wanda zai faɗo masa ba. Akwai shekarar da oga injiniya ya shiga, kashinsa daidai da na Baƙo mai dakon siminti, ya ɗauka ya yi godiya.

Ashe rabo iri biyu ne. Akwai na gida, akwai na watanda. Na littafin yaran nan na watanda ne.

Ba zan gaya wa Kauthar ta yi gaskiya ba. Zan dai canja.

Talata, bayan la'asar

Ya yi! Na kasa su biyu-biyu, kowane biyu da curinsu, ɗaya ya yanka da zare, ɗaya ya juya baya. Abdulbasit ya yanka ɗaya ƙato ɗaya ƙarami don ya saba, Indo ta juya baya, ƙaton ya faɗo mata. Ihun da aka yi sai da maƙwabta suka leƙo. Zagaye na biyu sai ga shi ya karyo tsinken tsintsiya yana awo kamar tela.

Raba uku ya ba su wuya. Wata Mashkura mai shiru-shiru ce ta gano a karya tsinke a gwada sau uku, in ya yi saura a sake wani. Hannu duk taɓo, har gira.

Alhamis, 15 ga Yuni, bayan la'asar

Yau mun jera su a kan benci. Na mutum biyu, na mutum uku, na huɗu, sannan duka takwas ɗin suka taru a kan curi ɗaya. Abin da kowa ya samu bai wuce ɗan yatsa ba. Wani Hadi ya ce, "Kai, in mun yi yawa abin ƙanƙancewa yake!"

Na tsaya ina kallon bencin. Rabi, sulusi, rubu'i, sumuni. Tun ina yaro nake jin malamai suna faɗinsu wurin rabon gado, ashe su ne aka ɗora wa bene a littafi. Lambar ƙasa yawan masu jira ce, ba yawan abin ba.

Kauthar ta ce, "Baba, yanzu wanne ya fi girma?" Na ce ta je ta wanke hannunta.

Asabar, 17 ga Yuni, bayan magariba

Yelwa ta fito da kwano, an ci kusan rabi. Ta ce Rukayya ta yi magana. Cewa ta yi, "A gaya wa Baba kar ya bar Hadi ya zauna a siminti mai sanyi, yana da ciwon ƙirji."

Tana ji ke nan. Har muryoyinsu tana bambancewa.

Na nemo wa Hadi kwali.

Litinin, 19 ga Yuni, bayan la'asar

Na yi wauta. Zan rubuta don kar in sake.

Na ce a raina, tunda tana ji, malama ce, ba za ta iya jure a koya wa yaranta ƙarya ba. Sai na matsa jikin tagar na buɗe murya na ce, "Yara, ku riƙe da kyau, ɗaya bisa takwas ya fi rabi girma!" Suka yi caa, "A'a Baba! A'a!" Na sake faɗa da ƙarfi. Suna dariya suna ɗaga mini yumɓu a fuska. Ni kuwa idona yana kan labule.

Hannu ya fito. Na ga hannunta, ya rame. Ya jawo tagar ya rufe, na ji an sa sakata.

Da Yelwa ta fito ta ce, "Ta ce a gaya maka ita ba yarinya ba ce da za a yi mata wayo." Ta ƙara nata: "Yaya, ka bar ta mana. Ba kai kaɗai ka yi rashi ba, kuma ba kai ka ɗauka wata tara ba."

Ni da ake zuwa a tambaya don ba na ƙari a magana, yau na tsaya tsakar gidana na yi ƙarya da gangan a gaban yara.

Talata, 20 ga Yuni

Taga a rufe. Mun yi karatu a hankali.

Laraba, 21 ga Yuni

Ruwa tun safe. Ragon ya jiƙe, na mayar da shi zaure.

Juma'a, 23 ga Yuni, bayan sallah

Uwar Hadi ta aiko ba zai ƙara zuwa ba, shi da ƙaninsa. Wai ta gaji da wankin taɓo, kuma an gaya mata tsohon yana cewa takwas ta fi rabi. Ni na jawo. Saura shida.

Tawfiq ya zo daga Fatakwal. Ya daɗe a bakin ƙofarta a durƙushe yana magana ƙasa-ƙasa. Da zai tafi ya kama hannuna da hannu biyu. Yaron kirki ne. Shi ma ya rame.

Litinin, 26 ga Yuni, bayan la'asar

Babban ya bugo, mota za ta zo Asabar. Na haɗu da Madam Clara a bakin kasuwa, ta gaishe ni tana kallon gefe. Na gane ta fara duba wani.

An buɗe tagar kaɗan, zafi ne ko me, ban sani ba. Ban ɗaga murya ba. Na daina wannan. Yaran suna da jarrabawa wata mai kamawa, ko ta fito ko ba ta fito ba sai sun iya abin nan. Za mu ci gaba har ranar da mota ta tsaya a ƙofa.

Alhamis, 29 ga Yuni

Yelwa ta wanke mata kaya ta ninke a jaka. Jakar tana bakin ƙofar ɗaki.

Juma'a, 30 ga Yuni, bayan magariba

Wannan dole sai na rubuta shi.

Yumɓun ya kusa ƙarewa. Yaran sun yi ta sace shi suna gina shanu da motoci, ruwa ma ya ci nasa. Na kankare gindin buhu na samu curi biyu, ɗaya babba ɗaya ƙarami. Babban na ba mutum huɗu tunda sun fi yawa, ƙaramin na ba Indo da Mashkura. Kowa ya murza, ya auna da tsinke, aka juya baya, aka yi wannan na wa. Ni hankalina rabi yana kan jakar nan da ke bakin ƙofa.

Na tambaya yadda na saba, "Wa ya fi samu, mai ɗaya bisa biyu ko mai ɗaya bisa huɗu?" Suka haɗa baki, "Mai bisa biyu!"

Sai Indo ta taso ta ajiye nata kusa da na Abdulbasit. Nata bai kai nasa ba.

"Baba, ni ce mai bisa biyu. Ga shi nawa ne ƙarami."

Na ce an yi kuskuren awo, a sake. Aka sake. Haka ya fito. Abdulbasit ya ce, "Ashe bisa huɗu ya fi!" Mashkura ta ce bai fi ba. Gardama ta kaure. Na daka musu tsawa suka yi tsit, amma tsawa ba amsa ba ce. Idona yana ganin abin, bakina ya rasa yadda zai jera shi. Makonni ina gaya musu in masu jira sun yi kaɗan rabo ya fi girma, ga shi a kan benci ya ƙaryata ni.

Kauthar ta ce, ba da tsiwa ba wannan karon, "To Baba, in an tambaye mu a jarrabawa me za mu rubuta?"

Indo ta fashe da kuka. Ta ce ko an juya baya ma ita ake cuta.

Tun ranar ban taɓa tsayawa a ƙofar ɗakin nan ba. Ta taga nake aika murya. Na tashi na tsallake jakar na tsaya jikin labule.

Na ce, "Rukayya. Uwata. Wallahi wannan ba dabara ba ce. Ban sani ba. 'Ya'yan mutane ne, na rikita musu kai, ga jarrabawa. Ko daga nan ki gaya mini abin da zan ce musu."

Har na juya.

Sai na ji muryar, ta dushe kamar ta wanda ya tashi daga zazzaɓi. "Curi ɗaya kuka raba?"

"Biyu."

"Girmansu ɗaya?"

"A'a."

"To ai shi ne."

Na ce, "Shi ne me? Ni birkila ne, ki yi mini dalla-dalla."

Na ji gado ya yi ƙara.

Ta fito da hijabi a bai-bai, tana kare ido da hannu. Yaran suka ƙame. Indo ce ta ruga ta rungume mata ƙafa da hannun taɓo, ta bar mata shaidar yatsu a zani. Rukayya ta daɗe tsaye, hannunta a kan yarinyar, ni kuma na sa ido a kan mangwaro.

Ta zauna a tabarma. Ta tattara yumɓun duka, nawa da nasu, ta cuɗa shi wuri ɗaya, ta raba biyu, ta ɗora a tafin hannu tana gwada nauyi har suka zo daidai. Ta ba huɗu ɗaya, ta ba biyu ɗaya. Aka yanka. Na Indo ya ninka na Abdulbasit.

Ta ce, "In aka ce muku rabi, ku fara tambaya, rabin me? Rabin ƙosai da rubu'in buredi, wa ya fi ƙoshi? Ba a gwada rabo da rabo sai abin da aka raba girmansa ɗaya. A jarrabawa curin ɗaya ne, ku rubuta abin da Baba ya koya muku. Me za ku fara tambaya?"

"Rabin me!"

"Baba, ban ji muryarka ba."

Na ce, "Rabin me." Kauthar ta kusa shiɗewa don dariya.

Da suka tafi ba ta koma ɗaki nan da nan ba. Tana kankare yumɓu daga farcenta ta ce, "Wannan juya bayan, a ina ka samo?" Na ba ta labarin Garki, har da injiniyan. Ta saurara har ƙarshe.

Asabar, 1 ga Yuli, bayan la'asar

Mota ta zo da hantsi. Babban ya shigo ya tarar da ita a bakin famfo tana wanke zanin jiya. Ya tsaya, wayarsa tana ta kuka bai ɗauka ba. Ta ce, "Yaya, motar ta kai Gwaggo gobe, ta gaji da mu. Ni ina da aji Litinin." Ya dube ni. 

Sai ta juya wajen mangwaro. Ta daɗe tana kallonsa, shi ma ya daina tuƙa yana kallonta.

Ta ce, "Baba, a yanka shi. Sadaka. A ba yaran nan takwas, har da su Hadi."

Babban ya naɗe hannun farar shaddarsa ya riƙe ƙafafu. Na kasa naman a kan buhu, kashi takwas, na daidaita har hanta da tumbi, yaran sun kewaye ni suna sa ido kar in yi son kai. Kauthar ta ce kowanne ɗaya bisa takwas ne na ragon. Rukayya ta ce, "Na me?" Suka ce, "Na ragon!"

Na ce wa zai juya baya? Ta ce ita.

Ta juya ta fuskanci bangon ɗakinta, ta waje wannan karon. Na nuna kashin farko da sanda na ce, "Wannan na wa?" Kafaɗunta suka yi rawa. Muka jira, ba wanda ya yi motsi. Yelwa ta toshe baki da gefen mayafi.

Ta ce, "Na Indo."

Daga nan sauran suka zo da sauƙi.

Litinin, 3 ga Yuli, da hantsi

Ta fita da safe. Ta tsaya a zaure har na zaci za ta juyo, sai ga su a gindin falwaya suna jira, har da Hadi. Abdulbasit ya karɓi bokitin sauran yumɓun, Indo ta kama mata yatsa. Ban raka su ba. Na dai tsaya a ƙofa har suka sha kwanar mai shayi.

Ba ta warke ba. Jiya na ji kukanta. Amma ta tafi da ƙafarta.

Na share gindin mangwaro, na naɗe igiyar na rataye. Akwai abin da ban rubuta ba tun farko, ni da nake riƙe da ranar haihuwar 'ya'yan unguwa duka. Jaririyar, ubanta ya yi mata huɗuba da sunan matata.

Rabi'atu. An haife ta ranar Lahadi, ta koma ranar Laraba. Tana da gashi da yawa, kuma ta riƙe mini yatsa.